Sabuwar Fitilar Kicin

Ƙofar gida na rufuwa bayan matarsa, Injiniya ya jawo kwalin sabuwar fitila daga ƙarƙashin gado yana 'yar dariya shi kaɗai kamar yaron da ya saci nama a tukunya.

Fitilar kicin ta daɗe tana ƙugi a silin. Jiya ma matar ta yanke yatsa garin yanka albasa, ta ce hasken ne ya dushe. 'Ya'yansu sun yi ta alkawari a waya cewa za su turo mai gyara, amma kowannensu sai ya ƙare da gargaɗi ɗaya: kada Baba ya kuskura ya hau tsani.

A jiyan ne, a ɓoye, ya dogara sandarsa ya je shagon kayan wuta na bakin layi. Mai shagon ya ce a ƙa'ida sai mai takardar shaida ke taɓa waya. Injiniya ya ce tasa takardar ta girmi mai shagon. Ya shafa fitilu iri-iri, ya ture mai ado da gilasai saboda maiƙo zai cika ta, ya ture ta ƙarfe saboda tsohon silin ɗinsu ba shi da wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta, ya zaɓi rufaffiyar roba wadda tururi ba ya shiga. Da aka tambaye shi farin haske ko ruwan ɗorawa, sai ya tuntsire da dariya ya ce a ba shi wanda mata suka fi saya.

Yanzu ga shi ga kicin. Ya kashe babban makunni na kusa da mita, firij ya yi shiru. Kicin ɗin ba shi da taga, amma bai tsaya neman tocila ba. Ya kafa tsani, ya girgiza shi, ya hau yana fito.

Ya kara testarsa ta gwajin wuta mai ƙara a kan wayoyin, ba ta ce uffan ba. Ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, ya naɗa wa mai wutar salatef don kada ta ɓace masa. Wata ƙusa ta suɓuce, ya saurari inda ta gangara, ya sauka ya lalubo ta a gindin buhun shinkafa, har da yi mata faɗa. Kafaɗarsa na zafi, amma bakinsa ya ƙi rufuwa. Rabon da ya ji sukundireba na juyawa a hannunsa har ya manta.

Ya haɗa wayoyin da sabuwar fitilar, ya ɗaure murfin, ya sauka ya mayar da wuta, firij ya farfaɗo. Ya danna makunni. Babu ƙugi, babu ƙauri.

Yana tsaye a wurin, tsanin ma bai kawar ba, matar ta shigo. Ledar kasuwa ta faɗi daga hannunta, tumatir ya watse.

"Baban yara, kai ka hau can?"

Ya ƙame ya sara mata kamar soja, yana dariya har da tari. Ta fara faɗa, sai kuma ta riƙo hannunsa.

Ya ɗaga fuska sama, zuwa silin ɗin da bai ƙara gani ba tun da ciwon suga ya tafi da idanunsa.

"To, gaya mini mana," in ji shi. "Ta kama?"