Kunne Ya Ja Gwiwa

Ranar da na ce wa likitan gashin ƙashi ya tattara robobinsa na motsa jiki, ni da taka gwiwar nan da aka yi wa aiki sai a lahira, ranar na fara ganin abu. Yana fita matar ɗana ta bi shi, suka laɓe bayan ƙofa suna ƙus-ƙus. Har da 'yar dariya!

Ɗana yana wurin aiki, bawan Allah. Wa zai tsare masa aurensa in ba ni ba?

Na jawo sandar asibiti, ina cije leɓe, na kai ƙofar. Kashegari suka koma falo, na bi. Suka koma ƙasan bene, na sauka, ɗinki yana ja, ina tsine musu a zuci. Kullum na matso sai su ƙara gaba, marasa kunya.

Yau na ritsa su a bakin get, na kasa kunne.

"Likita, Mama ta iso kuwa?"

"Ga inuwarta nan. Gaskiyarki, gulma ce kaɗai maganinta."

Na ɗaga hannu zan rafka mata sanda. Ashe sandar tana can sama, jingine da gado.