Motar da Ba a Taɓawa

"Kada ki jingina da ita, Rakiya!" Ɗantala ya daka wa matarsa tsawa, ya sa tsumma ya goge inda mayafinta ya shafa a jikin motarsa.

Ranar gasar ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci ce a garin Summerfield. Tasa ja ce mai ƙofa biyu, ƙirar 1968. Shekara shida ke nan tana lulluɓe a gareji kamar amarya. Duk Asabar sai ya wanke ta, ya rataye makullin a bayan ƙofa. Sau biyu kacal yake fito da ita a shekara, wai kada ta gaji.

Alƙalin gasar, wani tsohon bakanike Bature, ya ce kowa ya tayar da inji. Motocin abokansa suka yi ta tari. Ta Ɗantala kuwa, murɗawa ɗaya ta kama.

Da aka miƙa masa kofin gasar, ya bugi ƙirji. "Sirrin ɗaya ne, hutu. Ko matata ba ta taɓa riƙe sitiyarin nan ba."

Tsohon ya tuntsire da dariya. "Ai hutu shi ke kashe inji. Wannan tana shan gudu. Ba ita ce duk Talata da hantsi take wuce ni a titin High Point Road kamar ina tsaye ba, wata mai mayafi a ciki?"

Ɗantala ya juya a hankali. Rakiya ta gyara mayafinta.

"Ba Talata ba ce, Baban Rahama, Laraba ce. Miƙo min kofina."