Rabin Mudu a Ƙarƙashin Tabarma

Ke da kike cewa da zarar an buɗe wa mutum ƙofa shi ke nan ya fita, matso ki ji.

Cikin Bani Isra'ila, zamanin da suke bauta a Masar, akwai wata mata da mijinta, masu yi wa Fir'auna tubali. Ranar da tubalin bai cika ba, masu bulala kan hana su abincin yini. Ita kuwa mace ce mai dabara. Duk abin da aka auna mata sai ta raba biyu, ta dafa rabi, ta tura rabi ƙarƙashin tabarma. Da wannan ta riƙe gidanta. Maƙwabta sun binne 'ya'ya saboda yunwa, ita ba ta binne ko ɗaya ba, har mata kan zo koyon hikima wurinta. Da Allah ya fitar da su ta hannun Annabi Musa, ta ratsa teku da ƙafarta, ta waiwaya ta ga ruwa ya haɗiye masu bulalar nan. Ta yi guɗa tare da mata. 'Ya'yanta sun girma, kowa da tantinsa. Mijin kuwa ɗaukar tubali ta riga ta cinye masa baya, a kan jaki aka fito da shi, ko tsugunno ba ya iyawa.

A jeji babu gona, babu kasuwa. Sai Allah ya riƙa saukar musu da wani farin abinci kowace safiya, ƙanana kamar tsabar gero, da zaƙi kamar zuma. Aka ce kowa ya ɗebi mudu guda na yininsa, kada a kwana da saura, wanda ya ba da na yau shi zai ba da na gobe. Ta ji da kunnenta, ba ta musa ba. Amma da ta durƙusa gaban murhu sai hannunta ya raba biyu, kamar ba nata ba. Gari na wayewa ta ɗaga tabarma, tsutsa ta cika abin, wari ya gauraye tanti. Ta kai bayan dutse ta zubar don kada a gani, ta ɗebo sabo, ta sake rabawa. A ranta tana cewa, mai bayarwa yakan yi fushi, ta ga haka da idonta shekara da shekaru. Tsohon ya fara ramewa, ita ma haka. Wata rana ya suɗe ƙwarya, ya miƙo mata.

“Uwar yara, ƙara mini ko loma biyu.”

“Gobe fa, maigida? In bai sauko ba, ƙasa za ka ci?”

Bai sake roƙo ba, don shi ma a gidan bauta ya koyi yin shiru. Tafiya ta yi tsawo, rana ta yi zafi, jikin da ke rayuwa da rabin ciki ya kasa, tsohon ya rasu. Aka haƙa masa rami a gefen hanya. Da ta koma wurin da sassafe, sai ta tarar abincin ya sauka har kan kabarin, fari fat, ya rufe shi daga kai zuwa ƙafa. Ta daɗe a tsaye tana kallo. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Sannan ta cika mudunta na mutum ɗaya, ta koma tanti, ta raba shi biyu.

Kada ki ce ba ta da imani, sunan Allah bai taɓa barin bakinta ba. Hannun ne bai ji labarin an 'yanta su ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, sabo turken wawa.