Yadda Ta Zo Daga Kamfani

Tun da aka daina amfani da makulli, na'ura ɗaya ce ke buɗe duk ƙofofin unguwarmu, tana ofishin Mai Unguwa Sha'aibu. Da hantsi na same shi yana shan koko, na'urar na gefensa, ko ledarta ba a cire ba.

"Baba, shekara uku ba a canza mata saiti ba. Lambar sirrinta ta kamfani ce, kowa na iya samunta ya shiga gida da sunan wani. Jiya da ƙofar Malam Ilu ta sami matsala, sai allon da ke jikin ƙofar ya fito da jerin gidajen da ake barin tsofaffi su kaɗai, masu wucewa na karantawa!"

"Ramlatu, ke da karatunki! Kin fi waɗanda suka ƙera ta sani ne? Sabon abu ba a taɓa shi, lalacewa yake yi."

"Innata na cikin jerin nan, Baba. Ba ta gani, ba ta iya tashi."

"Allah na tsarewa. Zauna ki sha koko."

Raina ya ɓaci, na fita ko sallama babu. A hanya na tuna mutanen da suka tsaya gaban allon jiya. Biyu daga cikinsu ba 'yan unguwa ba ne. Sai na fara gudu.

Na ɗora tafin hannuna a ƙofarmu, ta ƙi buɗewa.

"Ki yi haƙuri," in ji ƙofar cikin ladabi. "Ramlatu ta shiga minti goma da suka wuce, kuma ta ce kada a buɗe wa kowa."