Sabuwar Tsirkiya

Saura awa ɗaya a ɗaura auren yayarta a coci, tsirkiyar selonta ta tsinke. Zafin garin Garwa ba ya raga wa wannan ƙaton goge na Turawa. Ga shi ta yi wa amarya alkawarin da kiɗanta za ta shigo.

Ta rungume selon a kan babur har unguwar Yalwa, gidan tsohon da ya shekara uku yana koya mata kiɗa.

"Baba, na shiga uku!"

Ya dubi fuskarta, ya dubi selon. "Share hawayen nan, 'yata, kada ki jiƙa mini itace."

Ya ciro sabuwar tsirkiya daga gwangwani, ya goga fensir inda za ta kwanta, ya zura ta, yana murɗawa a hankali kamar mai tashin jariri daga barci. Ita dai kallon yatsunsa take yi. Ba ta taɓa ganin hannun da ya san aikinsa haka ba.

Da aka zo daidaita sauti, ya yi jim kamar mai jin kunya. Amma lokaci ya ƙure. Sai ya sunkuya ya kafa haƙoransa a wuyan selon, ya rufe ido, ya ja izga, amon yana ratsa ƙashin kansa.

"Baba," ta ce daga bayansa, "tun yaushe kunnuwanka suka daina ji?"

Bai juyo ba. Sai da tsirkiyar ta zauna daidai ya ɗago yana murmushi.

"Kin ji ta, ko? Ni ma na ji ta."