Darasin da Ya Rage wa Rékia

Abdoulkadri ya rubuta biyu bisa x a allo, ya sa alamar tarawa, ya rubuta uku bisa x da ɗaya. Ya ja da baya ya duba. Allin nan ba alli ba ne, sai karce yake yi, amma mutumin da ke Sabha ba ya tsayawa zaɓe.

Minti goma sha biyar gare shi. Yau ce ranarsa ta ƙarshe a wannan ɗaki na sabuwar makarantar unguwar Gurda, gobe za a tura shi wani wuri. Kuma ya yi wa ajinsa alkawarin koya musu wannan darasi kafin jarabawa, musamman Rékia, wadda lissafi kaɗai ke ja mata baya.

"Rékia, yaya za mu haɗa su?"

Bai jira amsa ba. Ya san halinta sarai: ta tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ta rubuta biyar bisa x biyu da ɗaya, ta ajiye biro tana murmushi kamar ta ci kasuwa. Ya rubuta hakan da hannunsa, ya ja masa layi.

"Tiya biyu ta hatsi da gwangwani uku, tiya biyar ke nan? Sai kin auna su da ma'auni ɗaya tukuna."

A waje injin kwaɓa siminti na ta ruri, don garin kaf gini ake yi tun da kuɗin mai suka shigo. Ƙura ta biyo taga ta kwanta masa a kafaɗa. Ya ɗaga murya. Ya ninka x da x da ɗaya, ya ce ga ma'aunin nan. Ya ninka biyun da x da ɗaya, ukun da x, yana waiwaye bayan kowane layi yadda ya saba. Ya tsokani Alassane na kujerar baya, sarkin barci, ya yi dariyarsa shi kaɗai. Dariyar ta yi masa ciwo, don ya kwana biyu bai ji muryarsa da Hausa haka ba.

Saura minti uku. Ya ji takun Hamed, mai duba aikinsu, a baranda. Ya rubuta x biyar da biyu a sama, ma'aunin a ƙasa.

"Kin gani? Sa ɗaya a wurin x ki gwada. Bakwai bisa biyu. Naki fa? Biyar bisa uku. Kin gane yanzu, Rékia?"

Ƙofa ta buɗe. Hamed ya dubi allon, ya dubi ɗakin.

"Yalla, hutu ya ƙare. Kai da wa kake magana?"

"Ba kowa, ya mudir," in ji shi, yadda ake kiran shugaban aiki a nan.

Ya jefar da gutsuren farar ƙasar da yake rubutu da shi, ya goge allon da hannun riga, ya tsoma buroshi a gwangwanin baƙin fenti. Kujerun na jingine da bango cikin kwalayensu, ba wanda ya taɓa zama a kansu. Shekara huɗu ke nan da yunwa ta sa ya bar ajinsa a Damagaram ana saura mako uku jarabawa, ya ƙetara hamada ya zo Sabha yana yi wa allunan 'ya'yan wasu fenti.