Amsar da Ya Ba Ɗan Kallo

Bidiyon ya fi duk wanda suka taɓa fitarwa yaɗuwa, amma Mai Talla ya daina iya kallonsa.

Abokan ƙungiya ne suka laƙaba masa sunan. Su 'yan sa-kai ne, suna gina manhajar da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, kyauta, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Aiki mai kyau, sai dai ba wanda ya san da ita. A taronsu, a wani ɗaki da ke saman shagon gyaran waya, ya faɗa musu gaskiya: kaya ko na banza ne sai da kwalliya yake shiga kasuwa.

Dabararsa biyu ce. Ta farko, a sauya wa manhajar fuska: siraran haruffa masu launin toka a kan fari tas, irin na manyan kamfanoni. Ta biyu, gajerun bidiyoyi inda zai riƙa karanta ƙorafin mutane yana mayar da martani cikin barkwanci. Injiniya, dattijon da ya fara rubuta manhajar, ya ce ta biyun ba ta kwanta masa ba. Aka yi ƙuri'a, aka kayar da Injiniya.

Ƙorafin da Mai Talla ya zaɓa ya fito ne daga wani mai kiran kansa Ɗan Kallo a zauren ƙungiyar na intanet. Mutumin ya rubuta cikin ladabi cewa tun da aka sauya fuskar ba ya iya bambance rubutu da farin allo, kuma da manhajar yake neman abinci. Ya roƙi a bar wa masu so tsohuwar fuskar.

Mai Talla ya karanta shi a gaban kyamara da muryar tsoho mai karkarwa, ya sa tabarau biyu ɗaya kan ɗaya, ya ce su ba asibitin ido ba ne. Duniya ta yi dariya. Matasa suka yi ta sauke manhajar, har wata makaranta ta nemi a zo a saka mata.

Ɗan Kallo ya yi rubutu sau ɗaya bayan haka. Ya ce ya gode, Allah ya ƙara ɗaukaka, ba zai sake damunsu ba.

Wannan godiyar ce ta hana Mai Talla sakat. Da zagi ne, da ya san yadda zai yi da shi.

A gida ma ba ya samun inda zai sauke nauyin. Matarsa, wadda take buga wa ɗalibai da lauyoyi takardu a ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin, ta zama mai ƙarancin magana. Ta daina kai yara makaranta a mota, ta ce cunkoson hanya ya ishe ta. Ta mayar wa wani lauya aikinsa ba ta taɓa ba. Ran nan tana zuba masa shayi har ya cika ya malalo kan faranti, ta yi dariya ta ce hankalinta ne ya tafi. Ya tsokane ta da cewa tsufa ya zo da wuri, ya koma kan wayarsa yana duba yawan masu kallo. Ta ce masa abin sauraron da take sawa a kunne in tana aiki da kwamfuta ya lalace, ya yi alkawarin sayo wani, ya manta.

Injiniya ya tare shi a matakalar shagon bayan wani taro.

"Mun ce manhajar ta kowa ce," in ji shi. "Ka kawo mana dubbai, ba na musu. Amma wanda ka kora, ina ka kora shi? Mai kuɗin sayen wata ba ya zuwa wurinmu."

Mai Talla ya je ya nemi a dawo da tsohuwar fuskar ga mai so, aka ce sai an fitar da sabon zubin manhajar. Ya so goge bidiyon, ya tarar an kwafe shi ko'ina.

Ranar hutu da hantsi, yara sun fita, ya zauna ya kwashe labarin duka ya gaya wa matarsa. Tana ninke kaya tana shafa bakin kowace riga da yatsa, ba ta ɗago ba. Ya tambaye ta me take ganin zai yi.

"Abban yara, ka ba shi haƙuri mana," ta ce. "Wataƙila ba manhajar ce ta fi yi masa ciwo ba."

Ta ɗauki kayan ta shige ɗakin aikinta. Shi kuwa ya zauna a falo yana rubutawa yana gogewa. Ya bar zancen dabara da yawan jama'a, ya rubuta abin da ke ransa kawai: ya yi wasa da lalurar bawan Allah don a tafa masa, kuma yana jin kunya. Ya tura saƙon ga Ɗan Kallo shi kaɗai, ya jingina da kujera, ya rufe ido.

Gidan ya yi tsit. Sai daga ƙaramin ɗakin aikin matarsa, ta ƙofar da ba ta rufu sosai ba, ya ji muryar nan ta inji da ke karanta wa masu raunin gani abin da ke kan allo, an rage mata sauti, tana cewa a hankali: "Ɗan Kallo, ban san ko kai wane ne ba, amma na zalunce ka."